Gogen da Ba Ya Tsallake

Torgils Haugsvik bai iya karanta kiɗa a takarda ba. In ka ajiye masa shafi cike da layuka da ɗige-ɗige, daidai yake da ka nuna masa kashin ƙuda a farin bango. Fiye da shekara ashirin muna hawa dandamali tare, daga ƙananan majami'un ƙauye har zaurukan Jamus da Japan, kuma ban da mu ukun da ke ƙungiya ɗaya da shi, babu mahalukin da ya san wannan magana.

Ni ce Aslaug, mai fiyano, ni ce kuma mai tsara mana kiɗa. Na yi ƙuruciyata a makarantar kiɗa ana horar da yatsuna da ayyukan manyan da suka mutu shekaru aru-aru, har na gaji da zama da matattu na tsere. Didrik mai bas, wato ƙaton gogen nan mai kaurin murya, a gidajen kiɗan jaz na Oslo ya tashi, shi ya sa har yau ba ya gane mutane kafin rana ta take. Kamran iyayensa sun zo da shi daga Shiraz yana goye. Gangunan hannu yake bugawa, bakinsa kuma ya fi hannunsa sauri. Sai Torgils da gogensa na Hardanger, irin na gargajiyar ƙasarmu mai ƙarin tsirkiyoyi a ƙasa, wanda ya koya da kunne a wurin kawunsa, can ƙarshen kwarinsu inda hanyar mota ta ƙare. Har gobe yana kiwon tumaki.

Masu rubutu a jarida sun rasa sunan da za su sa wa abin da muke yi. 'Yan jaz su ce mu 'yan gargajiya ne, 'yan gargajiya su ce mun ɓata musu kayan gado, masu baƙar kwat na manyan zauruka kuwa su yi mana irin yabon da ake yi wa ɗan maƙwabta. Haka muka tsufa a tsakiya, kowa ya san sunanmu, babu wanda ya ɗauke mu nasa. Tsakanin tafiya da tafiya Didrik yana koyar da yara, ni kuma ina kaɗawa a jana'iza da ɗaurin aure.

Ga yadda muke aiki. In na gama tsara kiɗa, sai in hau jirgin fito in tafi gonarsa. Akwai wata tsohuwar fiyano a kicin ɗinsa wadda rabin haƙoranta sun mutu. In zauna in riƙa kaɗa masa nasa kason da yatsa ɗaya, shi yana tsaye ya ba ni baya yana kallon taga. Ranar farko ko taɓa gogen ba ya yi. Sai kiɗan ya kwana a cikinsa, ya tafi da shi garke ya dawo da shi, mako da makonni, sannan wata rana ya ɗauki goge ya zubo shi tun daga farko har ƙarshe, kuma ya fi yadda na rubuta daɗi. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi.

Amma fa daga farko har ƙarshe. Kiɗa a wurin Torgils hanya ce, da ƙafa yake bin ta, har sunaye yake sa wa wurare: nan bakin gada, nan gangaren tsohuwa, nan bayan coci. In muna gwaji aka ce a koma gaɓa ta tamanin a takarda, sai in ɗan karkato in ce masa a hankali, "Gangaren tsohuwa," ya gyaɗa kai ya kama daga nan. Abin da ba ya iyawa shi ne a canja masa hanya bayan ta zauna. In an taɓa wuri ɗaya, sai ya sake wasu makonnin.

A ƙauyensu wannan ba abin kunya ba ne, haka kowa ya koya. Sai dai tun yana saurayi wani malamin kiɗa ya taɓa faɗa a gaban jama'a, yana dariya, wai makaɗin da bai iya karatu ba aku ne mai kyakkyawan kunne. Malamin ya mutu tuntuni, maganarsa kuwa tana nan daram a ran Torgils. Tun daga ranar ba ya hawa dandamali sai da takarda a gabansa. In ya ga na juya shafi, shi ma ya juya nasa. Na sha ce masa ya bari in koya masa, wata shida ya ishe shi. Ya ce in ya fara gani zai daina ji. Na ce wannan camfi ne. Ya ce to, camfinsa ne, in bar masa kayansa.

Bara abin da na daɗe ina mafarki ya zo. Masu shirya bikin kiɗa na bazara suka nemi in tsara babban aiki: mu huɗu a gaba, makaɗan birni su sittin a bayanmu, a watsa kai tsaye ta rediyo. In abin ya yi kyau, za a zaga da shi manyan biranen Turai, kowane birni da nasa makaɗan. Na ba hamsin baya, na san ba za a sake yi mini irin wannan tayi ba. Na kuma san abin da nake tsoro tun ranar da na amsa. Taro irin wannan ba ya jiran mutum ɗaya. In Torgils bai iya tafiya da shi ba, ko dai a tafi a bar shi, ko ni in zauna tare da shi.

Duk hunturun nan a kicin ɗinsa na yi shi. Kiɗan ya kusa minti arba'in, ya haɗiye shi tas. Kafin ƙanƙara ta narke yana iya kaɗa shi yana rigima da karensa.

Madugun da aka ɗauko ya jagoranci makaɗan da sanda, Benedikt Lauer, mutumin Ostiriya ne, siriri, mai ladabi, irin wanda zai ba ka haƙuri kafin ya taka ka. Gwajin farko da na biyu sun tafi lafiya lau. Ya kira lamba, in raɗa sunan wuri, Torgils ya shiga daidai. Kamran ya ce mun zama direba da kwandasta.

Safiyar ranar wasan, muna gama gwajin ƙarshe, wata mata daga gidan rediyo ta hawo dandamali da agogo a hannu.

"Kiɗan ya yi daɗi ƙwarai," in ji ta. Duk wanda ya fara da haka, na san da wuƙa ya zo. "Sai dai zai shiga lokacin labarun ƙarfe shida. Dole a rage kamar minti ɗaya da rabi."

"Ku jinkirta labarun mana," in ji Kamran. "Ai ba na daɗi ba ne."

Ko murmushi ba ta yi ba. Lauer ya shiga juya babban kundinsa, yana bin layuka da yatsa.

"Nan," in ji shi. "Daga ɗari biyu da sha biyu mu tsallaka zuwa ɗari biyu da sittin. Kusan maimaici ne. Madam Aslaug, ki yi haƙuri, na san kowace gaɓa 'yarki ce."

Na duba wurin. Daga bakin gada ne zuwa bayan coci, tsakiyar inda goge yake jan kowa da kowa.

Fensir sittin suka fito lokaci guda. Haka al'adarsu take: kowane makaɗi da fensir a gefen takardarsa, a zana baka a farkon abin da aka cire, a zana wani a ƙarshensa, shi ke nan an binne wurin, babu wanda zai sake tunawa da shi.

Na miƙe tsaye. "A bar wannan. A cire nawa, inda fiyano take ita kaɗai. Ya kai minti biyu."

"Can ne masu busa suke samun numfashi kafin hawan ƙarshe," in ji Lauer. "In na cire shi za su iso a galabaice. Amma in akwai wani dalili..."

Ya bi idona da kallo, idona kuwa yana kan Torgils. Nan take kowa ya juya ya dubi Torgils.

"Wane dalili?" in ji Torgils, da ƙarfi, har na bayan can suka ji. "A yanke. Didrik, ara mini fensir."

Ya karɓa, ya sunkuya, ya ja baka biyu manya-manya a takardarsa, a shafin da ba shi ba ne. Ingunn, shugabar masu goge ta makaɗan birni, tana zaune dab da kafaɗarsa. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ita ma daga wani kwarin ta fito, an ce tana taɓa gogen Hardanger a gida. Na ga idonta ya sauka a kan takardarsa, ya daɗe, sannan ya koma kan tata.

Lauer ya ɗaga sanda don a gwada ɗinkin ko sau ɗaya, sai wakilin makaɗan ya ɗaga agogonsa sama. Lokacin gwaji ya cika, kuma makaɗan birni ba sa ƙara wa kowa minti ɗaya, ko da sarki ne a zaune. Suka rufe akwatunansu suka tafi cin abinci.

Muna shiga ɗakin canja kaya na rufe ƙofa.

"Me ya kai ka?"

"Ke me ya kai ki?" in ji shi. "Kin tashi tsaye a gaban mutum sittin kina kallona kamar uwar da ɗanta ya jiƙa wando."

"Cetonka nake yi, tsohon banza."

"Na ce miki ina nutsewa?"

"Ku ajiye faɗan nan sai gobe," in ji Didrik. "Ni dai shawarata, a je a gaya wa Lauer gaskiya. Mutumin kirki ne, zai nemo wata dabara."

Torgils ya dube shi sama da ƙasa. "Duk wanda ya buɗe baki, zan sa gogena a akwati in kama jirgin ƙarfe uku. Ku yi kiɗanku ku uku."

Mun san zai aikata, don haka babu wanda ya sake tayar da maganar. Akwai ƙaramar fiyano a ɗakin, na zauna muka fara. Ya taho har bakin gada, in daki fiyano da ƙarfi, ya tsaya cak, ya lalubo bayan coci ya ci gaba. Na farko ya yi tuntuɓe. Na biyu ya wuce kai tsaye kan gadar, sai da na yi masa tsawa. Daga nan wani ya samu, wani ya kuskure. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Burodi da cukwin da aka kawo mana ko kallonsa bai yi ba.

"In mun iso wurin zan sakar maka bugu ɗaya," in ji Kamran, "irin wanda ke tayar da mai barci a kujerar ƙarshe. Kana ji, ka yi tsalle."

"Kuma ka bar idonka a buɗe," na ce. "Ka kalle ni. Kada ka rufe shi ko sau ɗaya."

Torgils ya sauke gogen a cinyarsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Kin san abin da kike ce in yi? In zo bakin ruwa, in ɗaga ƙafa, in sauke ta a bayan coci. Akwai gidaje a tsakani, Aslaug. Na san mai kowane gida."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma yana nan bai tafi ba. Na ce mu sake. Kafin a ƙwanƙwasa mana ƙofa ya samu sau da yawa a jere, har Kamran ya sumbace shi a sanƙo.

Zauren ya cika. Hasken yammacin watan Yuni yana shigowa ta manyan tagogin sama. Saboda na'urorin ɗaukar sauti an janye fiyanona nesa da inda na saba zama, an kafa mini makirfo a gabana don in gabatar da mu. Jar fitilar rediyo ta kama, Lauer ya ɗaga sanda.

Rabin awar farko ban taɓa jin irinsa ba a rayuwata, kuma ba na tsammanin zan sake ji. Gogen Torgils ya fara shi kaɗai, siririn sauti, tsirkiyoyin ƙasa suna amsawa da kansu. Didrik ya shigo ƙarƙashinsa yana takawa a hankali, yatsun Kamran suka fara yayyafi, sannan mutum sittin suka taso a bayanmu gaba ɗaya har na ji kujerata tana rawa. Abin da na yi shekaru ina ji a kaina ni kaɗai, ga shi mutane dubu suna ji. Na yi farin ciki, ban ɓoye ba.

Idonsa yana kaina, kamar yadda na ce. Muka wuce gangaren tsohuwa yana kallona. Daga nan kiɗan ya ɗau zafi, ƙafarsa ta fara dukan dandamali irin na makaɗan rawa, kansa ya karkata kan gogen. Na ga fatar idonsa tana sauka. Na yi ta ɗaga gira, na yi ta girgiza kai, a banza. Muka iso bakin gada, Kamran ya saki bugun nan kamar an harba bindiga. Torgils ya ji shi, na tabbata ya ji, amma a matsayin kiɗa ya ji shi, har ya yi murmushi. Ya hau gadar.

A ƙungiya irin tamu doka ɗaya ce: in ɗayanku ya saki hanya, ku bi shi, sai inda ya bi ya zama hanyar. Da ita muka rayu shekara ashirin. Babu wanda ya yi shawara da wani. Hannuna ya bi shi kafin kaina ya sani, Didrik ya bi, Kamran ya bi. Makaɗan birni kuwa tasu dokar daban ce, takarda da sanda suke bi. Suka tsallaka kamar yadda fensir ya ce. Masu ƙaho suka shigo da dukkan ƙarfinsu a bayan coci, mu muna tsakiyar gada, kowa a murya daban.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba, sai dai in ce kamar an kifar da kwandon kwanuka a kan matakala. Lauer ya yi ƙoƙari, yana nuna wa wannan, yana danne wancan. Wasu masu goge suka bi kunnensu suka dawo wajenmu, wasu suka riƙe takarda, abin ya ƙara dagulewa. Daga ƙarshe ya sauke hannuwansa biyu. Shiru ya taso daga baya zuwa gaba. Ni ma na ɗaga hannu, Didrik da Kamran suka tsaya.

Torgils kaɗai ya rage. Ya ci gaba na ɗan lokaci, ido rufe, ƙafa tana dukan ƙasa, fuskarsa cike da jin daɗi. Wannan fuskar ce har yau take hana ni sukuni. Sannan ya ji babu kowa a bayansa. Ya buɗe ido, bakan ya tsaya a tsakiyar tsirkiya.

Jar fitilar tana nan a kunne. Lauer ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Ɗari biyu da sittin."

Mutum sittin suka ɗaga kayansu, suka shirya. Torgils ya dubi takardarsa. Ya juya shafi, ya dawo da shi, ya sake juyawa. Lambar ba ta ce masa komai ba. Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa ina can nesa, raɗa ba za ta kai ba. Sandar Lauer tana sama tana jira. Wani ya yi tari a cikin jama'a.

"Bayan coci, Torgils," na ce.

Makirfon da ke gabana a buɗe yake. Maganar ta cika zauren, ta kuma shiga kowane kicin da kowace mota da ke sauraron rediyo a ƙasar nan. Wani ya tuntsire da dariya a sama, wasu suka taya shi, sannan suka ji kunya suka yi shiru.

Ya ɗora baka ya kama daga bayan coci. Har ƙarshe bai kuskure ko ɗigo ba, idonsa a buɗe, ƙafarsa ba ta sake motsi ba. Kiɗan ya fito daidai, babu rai a cikinsa. Jama'a suka tafa mana doguwar tafi, irin wadda ake yi wa wanda ya faɗi a titi ya tashi da kansa. Daga baya na ji cewa masu sauraron rediyo ba su ma ji ƙarshen ba, tsayawar da muka yi ta cinye lokacin, an yanke mu an shiga labarai. Kafin in fito daga dandamali Torgils ya ɗauki akwatinsa ya tafi.

Garin makaɗa ƙarami ne. Cikin mako guda kowa ya haɗa lissafinsa ya gane. A gidajen shan kofi, in wani ya ɓata a magana, sai a ce masa "bayan coci" a yi dariya. Na kira Torgils ban san iyaka ba, bai ɗauka ba.

Lauer ya neme ni kafin ya koma gida. Ya sayo mini kofi, ya ba ni haƙuri sau uku, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu zagayen suna nan a kan bakansu, rabin awar farko ta ishe su shaida. Amma a kowane birni gwaji ɗaya ne, kowane zaure da tsawon da yake so, za a yi ta yanka da ƙari a ranar wasa.

"Ban ce bai iya ba, Madam. Ban taɓa jin mai goge kamarsa ba. Amma ba zan iya sake tsayawa gaban mutum sittin da shi ba. Sun kawo sunan Ingunn. Suna son amsarki kafin ƙarshen mako."

Na kai wa sauran biyun maganar. Kamran ya daki tebur.

"Wallahi in babu tsoho babu ni. Su je su nemi mai ganga a kanti."

Bayan kwana biyu ya kira ni yana tambaya ko ranakun tafiyar sun tabbata, wai fasfonsa ya kusa ƙarewa, tambaya ce kawai. Didrik bai yi wani kewaye ba.

"Ina son Torgils, kin sani," in ji shi. "Amma na gaji da koya wa 'ya'yan mutane yadda ake riƙe baka, Aslaug. Na gaji. Ke za ki yanke, kiɗanki ne."

Na yi ta juya abin a raina. Ranar Alhamis na tashi da shawara ɗaya: ba za mu je ba. Da Torgils muka fara, ba zan tsaya a wani zaure in ji wata tana kaɗa abin da na rubuta wa hannunsa ba. Na hau jirgin fito ina jin kaina mutuniyar kirki. Duk tsawon mashigin ina tsara yadda zan faɗa masa, da irin zagin da zai yi mini, da yadda daga ƙarshe zai juya ya kalli taga don kada in ga idonsa.

A ƙofar gonar na tarar da wata mota da ban sani ba. Tun daga tsakar gida na ji goge biyu, ɗaya yana faɗa, ɗaya yana maimaitawa.

Ingunn tana zaune a kicin, a kujerar da na saba zama. Takardun kiɗan suna kan tebur a rufe, an ɗora musu kofi. Tana ganina ta miƙe, fuskarta ta yi ja.

"Shi ya kira ni," in ji ta. "Ban san ko kin sani ba."

"Zauna, ba ta cizo," in ji Torgils. Ya rame, bai yi aski ba. "Ta iya duk abin da kika rubuta, Aslaug, har ta fi ni. Abin da ba ki rubuta ba nake nuna mata. Hannunta na birni ne, amma ƙafarta ta gida ce, za ta yi."

"Wa ya ce maka ana bukatarta?"

"Lauer ya kira ni. Ya ba ni haƙuri har sai da na tausaya masa."

Na ajiye jakata. Duk abin da na tsara a jirgi ya watse, sai guntu ya rage.

"To, ka sallame ta. Na zo in gaya maka ba za mu je ba. Na ƙi."

Ya dube ni. Babu zagin da na shirya wa, bai kuma juya wajen taga ba.

"Kin ƙi?"

"Na ƙi."

"Kin gaya musu?"

"Gobe ne ƙarshen mako. Na ce in fara zuwa in..."

"In da kin ƙi, da kin kira su tun kafin ki hau jirgi," in ji shi, a hankali, babu ɗaci a muryarsa. "Zuwa kika yi in hana ki ƙi. Na san ki, 'yar makaranta."

"Ƙarya kake yi."

"To, madalla." Ya miƙa hannu kan kantar kicin ya ɗauko wayarsa, ya share ta da gefen riga, ya ajiye a gabana a kan tebur. "Ga lambar Lauer nan. Danna kawai. In kin kira, yanzu zan ba wa baiwar Allah nan kofi in raka ta mota."

Ingunn ta sunkuyar da kai tana kallon gogenta. Karen ya shigo ya kwanta a ƙarƙashin tebur. Na dubi wayar. Na tuna fuskarsa ido rufe shi kaɗai a gaban jama'a, na kuma tuna yadda kujerata ta yi rawa lokacin da mutum sittin suka taso a bayana. Ina son mutumin nan fiye da ɗan'uwan da muka fito ciki ɗaya. Hannuna yana kan tebur, tsakaninsa da wayar bai kai taƙi ɗaya ba.

Torgils ya jira. Ya ba ni lokaci mai yawa, fiye da yadda nake bukata. Fuskar wayar ta dushe, sannan ta mutu.

Ya ɗauke ta ya mayar kan kantar, ya sa gogen a ƙarƙashin haɓarsa, ya juya wajen Ingunn.

"Mu ci gaba," in ji shi.